Ɓarayin da Ingila ta gina ƙasa da guminsu

A watan Disamba na 1783 aka gurfanar da wani yaro mai suna John Hudson gaban babbar kotun Landan da ake kira Old Bailey. Shekarunsa tara, maraya ne, kuma da sharar bututun hayaƙi yake cin abinci, wato yana cikin yaran nan da ake zura wa cikin ramin da hayaƙin murhu ke bi ya fita ta saman gida, su kankare baƙin da ya daskare a ciki. An tuhume shi da shiga gidan wani mutum ya ɗauke riga ɗaya, safar siliki biyar, ƙaramar bindiga da ƙyallayen ɗaurin gaba guda biyu, kayan da duka kuɗinsu fam ɗaya ne da sule biyu. Sawun baƙin hayaƙi da aka gani a ɗakin shi ya nuna cewa ɗan sharar bututu ne ya shiga. Kotu ta yanke masa korar shekara bakwai zuwa bayan teku. Da jiragen farko suka tashi zuwa Ostareliya a 1787 yana ciki, yana ɗan shekara 13, bayan ya shafe shekaru a tsare. A watan Fabrairu na 1791 kuma, a can tsibirin Norfolk, an rubuta cewa an yi masa bulala 50 saboda an same shi a wajen bukkarsa bayan ƙarfe tara na dare.

Labarin yaron nan ɗaya ne cikin kimanin 162,000, adadin maza da mata da yara da Birtaniya ta tasa ƙeyarsu zuwa Ostareliya tsakanin 1788 da 1868. Mafi yawansu, kusan takwas cikin kowane goma, a kan sata aka kore su. An saba ba da tarihin nan ta fuska biyu: wasu su ce sassauci ne gwamnati ta yi wa mutanen da igiya ke jira, wasu su ce dabarar rage cunkoson gidajen yari ce kawai. Ni abin da na gani a cikin hujjojin ya wuce nan. Buƙatar hannun aiki a ƙasashen da Ingila ta mamaye ita ta riƙe wannan hukunci har shekara 150, ita ta riƙa zaɓar inda za a kai mutum, ita kuma ta sa aka daina ranar da buƙatar ta kau. Girman laifin ɓarawo bai taɓa zama ma'aunin abin da aka yi masa ba.

Sai an san dokokin Ingila na wancan zamani kafin a gane yadda ƙaramar sata ke kai mutum ƙarshen duniya. Dattawanmu da suka yi ciniki da kuɗin Turawa sun san kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. To, a dokar Ingila ta ƙarni na 18, wanda ya zare abin da ya wuce sule ɗaya daga aljihun wani ba tare da mai shi ya sani ba, hukuncinsa rataya. Haka wanda ya saci kayan sule biyar a kanti, ko na sule 40 a cikin gida. Kafin farkon ƙarni na 19 laifuffukan da ke da hukuncin kisa sun haura 200, galibinsu na taɓa dukiya. Majalisar da ta tsara waɗannan dokoki ta masu filaye da manyan 'yan kasuwa ce, a ƙasar da ba ta da rundunar 'yan sanda tsayayya sai a 1829, don haka suka dogara da tsoro ya yi musu gadin kayansu. Amma ba a iya rataye kowa. Mutane 12 da ake ɗebowa daga gari su saurari shari'a sukan rantse cewa kayan da aka sata na sule 39 ne, alhali kowa a kotun ya san sun fi haka, don dai su kuɓutar da mutum daga igiya. Alƙalai ma sukan nema wa wanda suka yanke wa kisa afuwar sarki. Sai aka wayi gari da tarin mutanen da doka ta ce a kashe, jama'a ba ta yarda a kashe su ba, ga shi kuma gidajen yarin lokacin wurin jiran shari'a ne da tsare masu bashi, ba a gina su don zaman shekaru ba.

Dokar da majalisa ta zartar a 1718 ita ta buɗe ƙofa: korar shekara bakwai ga ƙananan ɓarayi, shekara 14 ga wanda aka yafe wa kisa, wanda kuma ya dawo kafin wa'adinsa ya cika a rataye shi. Amurka aka fara kai su, kimanin 50,000 kafin 1775, yawanci Maryland da Virginia. Yadda aka gudanar da abin ya isa ya nuna manufarsa. Gwamnati kan miƙa fursunonin ga ɗan kwangila, irin su Jonathan Forward na Landan, ta biya shi fam uku, daga baya fam biyar, a kan kowane mutum. Shi kuma in jirginsa ya isa sai ya sayar da wa'adin aikinsu ga manoman taba, namiji mai ƙarfi a kan kimanin fam goma, mai sana'ar hannu fiye da haka, sannan ya cika jirgin da ganyen taba ya juyo gida. Masu saye sukan hau jirgi su dudduba haƙora da gaɓoɓi kamar yadda ake yi a kasuwar bayi. Babu wani malami ko jami'i da aka ɗora wa alhakin gyara halin kowa. Da ciniki ya kammala, ruwan gwamnati ya ƙare.

A nan ne masu cewa sassauci ne suke da magana, kuma maganarsu tana da ƙafa. Mary Wade yarinya ce da ba ta wuce shekara 13 ba lokacin da aka yanke mata hukuncin rataya a Janairun 1789, saboda ita da wata ƙawarta sun tuɓe wa wata 'yar shekara takwas riga da hula da mayafin kafaɗa. Afuwar da aka yi don murnar samun sauƙin Sarki George na Uku ita ta mayar da hukuncinta korar rai da rai, ta rayu a Ostareliya har 1859, ta bar zuriya mai yawa. Ga irinta, kora ta fi igiya, babu mai musu. Sai dai irinta ba su ne masu yawa ba. Kafin dokar 1718, ƙaramin ɓarawon da aka kama karo na farko bulala ake yi masa, ko a ɗana masa ƙarfe mai zafi a babban yatsa, a sake shi ya koma gida a ranar. Masanin tarihin shari'ar Ingila John Beattie ya nuna cewa waɗannan ne sabuwar dokar ta fi kwashewa. Mutumin da da zai sha zafin wuni ɗaya ya kwana cikin iyalinsa, yanzu shekara bakwai zai yi yana noma wa wani taba a wata nahiya. Ga mafi yawan waɗanda abin ya shafa, ƙarin tsanani aka yi.

Da Amurkawa suka yi tawaye a 1775 kasuwar ta rufe, abin da ya biyo baya kuwa ya shafi yankinmu na Afirka ta Yamma kai tsaye. Da farko an zuba fursunonin cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka cire wa filafilai aka ɗaure a kogin Tems, suna haƙar yashi da rana, suna kwana cikin mari, zazzaɓi na ɗibarsu. Daga nan aka gwada Afirka. A 1782 aka kai wasu a matsayin sojoji su tsare ganuwoyin cinikin bayi a gaɓar da yau take Ghana. Cuta ta kashe da yawa, wasu suka gudu wajen 'yan Holan, kwamandansu Kenneth Mackenzie kuma ya sa aka ɗaure ɗaya daga cikinsu a bakin igwa aka harba, abin da ya kai shi kansa gaban Old Bailey a 1784. Duk da haka a 1785 gwamnati ta shirya sayen tsibirin Lemain da ke can cikin kogin Gambiya, inda garin Janjanbureh yake yanzu, don a zube fursunoni a bar su su ji da kansu. Edmund Burke ya tashi a majalisa ya ce wannan kisa ne da wani suna, kwamitin majalisa ya ƙi amincewa. Aka tura jirgi ya duba gaɓar Namibiya ta yau, ya dawo da labarin cewa rairayi ne babu ruwa. Mai cewa neman juji kawai ake yi zai iya kafa hujja da shirin Gambiya, kuma lallai akwai masu wannan tunani a gwamnati. Amma shirin jujin ne aka yi watsi da shi. Wanda aka ɗauka shi ne na wurin da fursuna zai rayu ya yi noma ya kafa wa Ingila sansani a wancan ɓangare na duniya, lokacin da take gogayya da Faransa da Holan a kan hanyoyin teku na gabas.

Ranar 13 ga Mayu 1787 jirage 11 suka tashi daga Portsmouth ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni sama da 700 da sojojin da za su tsare su. Suka bi ta Tenerife da Rio de Janeiro da Cape Town, suka isa Botany Bay bayan wata takwas, suka ga wurin bai yi ba, suka matsa gaba kaɗan suka kafa tuta a inda birnin Sidni yake ranar 26 ga Janairu 1788. Akwai abubuwa biyu game da wannan tafiya da ba a cika faɗa ba. An sallami Phillip ba tare da takardun da ke nuna wa'adin kowane fursuna ba, har ya zamana mutum ya zo ya ce shekarunsa bakwai sun cika, gwamna ba shi da abin da zai duba, sai a ce ya ci gaba da aiki har takarda ta zo daga Landan. Sannan gwamnati ba ta tanadi kuɗin komawar kowa ba. Namiji mai ƙarfi kan iya samun aikin jirgi ya biya hanyarsa da guminsa, mace kuwa, cikin kusan 25,000 da aka kai a tsawon shekarun, da wuya ta sami wannan hanya. Shekara bakwai a bakin alƙali, rabuwa ce ta har abada da uwa da miji da 'ya'ya ga mafi yawansu. Yunwa kuma ta yi musu maraba. Wata guda da sauka aka rataye Thomas Barrett saboda satar abinci daga rumbun gwamnati.

Ayari na biyu, na 1790, shi ya fi tona asirin lissafin. An ba kamfanin Camden, Calvert da King kwangilar, kamfanin da sana'arsa jigilar bayi daga Afirka. Aka yi yarjejeniya a kan fam 17 da sule bakwai da sisi kowane kai da aka ɗora a jirgi, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Kowa ya san abin da ɗan kasuwa marar tsoron Allah zai yi da irin wannan sharaɗi. An ɗaure mutane a ƙasan jirgi da marin bayi, mai guntun ƙarfe tsakanin ƙafafu wanda ba ya barin a taka, aka ƙuntata musu abinci don a sayar da ragowar a Sidni inda ake yunwa. Wasu fursunoni sukan ɓoye mutuwar wanda aka haɗa su mari da shi don su ci rabonsa, har sai wari ya tona. Cikin kimanin mutum 1,000, fiye da 260 suka mutu a teku, aka sauke ɗaruruwa ba sa iya tsayuwa. Wani hafsan soja da ke cikin tafiyar, William Hill, ya rubuta gida cewa cinikin bayi ya fi wannan tausayi, domin mai jirgin bayi yana da riba in kayansa sun isa da rai. An gurfanar da Donald Traill, kyaftin ɗin Neptune, ɗaya daga cikin jiragen ayarin, a Landan, aka sallame shi. Gyaran da ya zo daga baya shi ne aka rataya wani ɓangare na biya a kan isar mutum da rai, daga 1815 kuma aka riƙa sa likitan sojan ruwa a kowane jirgi da iko a kan lafiyar fursunoni, sai mace-mace suka ragu ƙwarai. Hanyar tsare rayukan nan ba ta da wuya tun farko, an dai ɗauke ta ne bayan da asarar ma'aikata ta dami masu mulkin can.

Abin da fursuna ke tararwa in ya sauka shi ne rabo. Gwamnati ta ɗebi magina da kafintoci da maƙera don ayyukanta, sauran a rarraba wa masu gonaki da makiyayan tumaki, su ba da abinci da tufa, aiki kuwa kyauta. Fursunoni 30 ne suka sare hanyar da ta ratsa tsaunukan Blue Mountains cikin wata shida tsakanin 1814 da 1815, hanyar da ta buɗe wa masu tumaki filayen cikin ƙasa. Ulun da ya riƙa cika masaƙun Ingila daga baya, fursunoni ne suka yi kiwon tumakinsa. Doka ta hana ubangida ya bugi fursunansa da kansa, sai ya kai shi gaban majistare, amma majistaren nan sau da yawa maƙwabcinsa ne mai gona da nasa fursunonin. Rashin kunya ko ƙyuya kan jawo bulala 25 ko 50 da dorina mai harshe tara. Wanda ya ƙara laifi a sa shi cikin ayarin masu fasa dutse da mari a ƙafa, wanda ya wuce nan a tura shi Macquarie Harbour ko Port Arthur ko tsibirin Norfolk, wuraren da aka tanada don tsoronsu ya sa sauran su yi biyayya. Dacewa da ubangida ita ke raba makomar mutane: ɓarayi biyu da suka yi laifi iri ɗaya, ɗaya ya faɗa hannun mai kirki ya sami takardar izinin yi wa kansa aiki bayan 'yan shekaru, ɗayan ya ƙare da tabon bulala a gadon baya. Kwamitin majalisa da William Molesworth ya jagoranta a 1837 zuwa 1838 ya soki tsarin a kan wannan, ya kuma kwatanta shi da bauta.

Akwai masu cewa an cika tausaya wa mutanen nan, alhali ɓarayi ne na gaske. Lloyd Robson, wanda ya bi rajistar fursunonin a littafinsa na 1965, ya gano cewa rabi ko fiye an taɓa kama su kafin laifin da ya jawo korarsu, yawancinsu samarin birane ne, fursunonin siyasa irin manoman Tolpuddle shida na 1834 kuwa 'yan kaɗan ne. Wannan gaskiya ce, kuma bai kamata a mayar da kowannensu mayunwacin da ya ɗauki burodi ba. Wanda aka yi wa satar ma sau da yawa talaka ne, kamar yarinyar da Mary Wade ta tuɓe. Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sata takan ƙaru a Ingila duk lokacin da aka gama yaƙi aka sallami dubban sojoji babu aiki, kamar bayan 1783 da bayan 1815, ko lokacin da hatsi ya yi tsada. Kuma binciken da Stephen Nicholas da abokansa suka buga a 1988, bayan duba takardun kusan fursunoni 20,000 na New South Wales, yankin da Sidni take, ya nuna cewa galibinsu matasa ne masu sana'a, kimanin kashi uku cikin huɗu na iya karatu, ba su bambanta da sauran ma'aikatan Ingila ba. Tabbatar laifi kuma ba ta halatta kowane irin hukunci. Mai wanki da ta kai zanen gadon uwargijiyarta jingina ta yi sata, ko sau biyu ta yi, amma babu ma'aunin adalci da zai ce sakamakonta shi ne kada ta sake ganin 'ya'yanta.

Hujja mafi ƙarfi ta masu kare tsarin ita ce cewa da yawa sun yi arziki. Mary Reibey, wadda aka yanke wa hukuncin kora tana 'yar shekara 14 ko ƙasa da haka saboda satar doki, ta zama babbar 'yar kasuwa a Sidni, hotonta ne yau a takardar dala 20 ta Ostareliya. James Ruse, da aka kama da fasa gida, shi aka fara ba kyautar fili, eka 30 a Parramatta. Gwamna Lachlan Macquarie, tsakanin 1810 da 1821, ya naɗa tsofaffin fursunoni muƙamai har ya ci abinci da su. Dubbai sun ci nama fiye da yadda za su taɓa ci a Landan ko Dublin. Amma Landan ba ta yi murna da wannan ba: ta aiko John Bigge ya yi bincike, rahotonsa na 1822 ya ce a tsananta, a kwashe fursunoni daga gari a miƙa wa masu tumaki. Sa'an nan filin da aka ba Ruse da irinsa yana da masu shi. Ƙasar mutanen asali ce da suka zauna a kai shekaru dubbai, aka karɓe ba yarjejeniya ba diyya. Cutar agana ta 1789 ta hallaka jama'a mai yawa cikin mutanen da ke kewayen Sidni, a Tasmaniya kuma yaƙin shekarun 1820 ya kusa share su baki ɗaya. Fursunonin da aka tura bakin daji kiwo su ne suka zama tsinin mashin wannan mamaya, waɗanda aka zalunta suka zalunci na ƙasa da su. A Myall Creek, ranar 10 ga Yuni 1838, wasu makiyaya suka ɗaure aƙalla mutum 28 daga mutanen asali, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, suka karkashe su. An rataye bakwai, dukkansu fursunoni ko tsofaffin fursunoni. Wanda ya jagorance su, John Fleming, ɗan masu gona da ba fursuna ba, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Gwamnatin da ta kori yaro a kan safa biyar ita ce ta ƙwace nahiya guda, kuma sai a 1992 babbar kotun Ostareliya, a shari'ar Mabo, ta rushe da'awar cewa ƙasar ba ta da masu ita lokacin da Turawa suka zo.

Yadda abin ya ƙare shi ma shaida ne. An daina kai fursunoni New South Wales a 1840, Tasmaniya a 1853, bayan baƙi masu zuwa da ƙafarsu sun yi yawa, ma'aikata 'yantattu sun ƙi gogayya da mai aikin kyauta, masu gari kuma sun fara jin kunyar sunan da ƙasarsu ta yi. Gano zinariya a 1851 ya ƙarasa lamarin, don babu ma'ana a kai ɓarawo kyauta inda mutanen kirki ke sayar da kayansu su je. A daidai wannan lokaci kuwa Turawan Yammacin Ostareliya, waɗanda suka kafa yankinsu a 1829 da alfaharin cewa babu fursuna a cikinsu, suka ga gonakinsu na mutuwa don rashin ma'aikata, suka roƙi Landan ta aiko musu. Aka aiko, maza zalla, kusan 10,000 daga 1850, suka gina hanyoyi da gadoji da gidan yarin Fremantle da za a tsare su a ciki. Ɓarayin Ingila ba su ƙaru ko sun ragu ba saboda Yammacin Ostareliya na neman leburori, inda ake buƙatar hannu ne kawai ya sauya, jiragen suka bi. Na ƙarshensu, Hougoumont, ya sauke fursunoni kimanin 280 a Fremantle a watan Janairu na 1868, shekara 80 cif bayan saukar ayarin da ya kawo John Hudson.